Taken Sarkin 'Yan Dako

Mudathir: Salamu alaikum. Kawu Bawa? Mudathir ne daga Jibiya, ɗan Salmatu.

Bawa: Wa alaikumus salam, ɗan ƙanwata.

Mudathir: Ina wuni, Kawu? Ya Maraɗi?

Bawa: Lahiya lau. Ya gajiya?

Mudathir: Ba gajiya. Ya iyali?

Bawa: Sai godiya. Ina uwarka? Ya dako?

Mudathir: Tana gaishe ka. Dako da godiya. Kawu, dama maganar rawa ce.

Bawa: Ruwa? Nan ma ya ɗauke tun makon jiya.

Mudathir: Rawa, Kawu! Ka san ranar Asabar Ummaru sarkin 'yan dakonmu zai ajiye aiki. Shekara arba'in yana ɗaukar buhu a bakin iyakar nan. Shi ne muka ce mu yi masa rawa da takensa, wanda kake kaɗa masa da kalangu. Mu goma sha biyu ne. Kwana tara ke nan ina koya musu da kiɗanka da na ɗauka a waya bara.

Bawa: Sun iya?

Mudathir: Suna motsi.

Bawa: Ba shi na tambaya ba.

Mudathir: Ƙafa dai tana faɗawa kan kiɗa. Juyin ne matsala, kowa da lokacinsa. Jiya Inusa ya juya, Yahaya bai juya ba.

Bawa: Sai mi?

Mudathir: An ɗinke wa Yahaya leɓe.

Bawa: Allah shi sawwaƙe. Da mi kake koya musu?

Mudathir: Da ƙirge. Ɗaya zuwa takwas, a juya.

Bawa: Wa ya ce maka takwas ne?

Mudathir: Ni na ƙirga.

Bawa: Juyin farko takwas. Na biyun fa?

Mudathir: Ai nan ake karon.

Bawa: To ka ji. Kalangu ba lissahi yake ba, magana yake. Cewa yake, "Ummaru na Hassana, buhu bai kwana ƙasa." Sai shi numfasa. A wurin numfashin nan ake... Alo?

Mudathir: Dakata, Kawu, tirelar masara ce ke wucewa. To, ina ji. Ake me?

Bawa: Ake juyi. Gobe kada kowa shi taka. Zaunar da su.

Mudathir: Ƙarti goma sha biyu, in ce su zauna su koyi rawa?

Bawa: Su zauna su ji. Su bi maganar da baki. Inda kiɗa ya aje numfashi, kowa shi tafa sau guda. Sai tafin ya zama na mutum ɗaya sannan su miƙe.

Mudathir: Kawu, mutanen nan ba su da kunnen kiɗa.

Bawa: In kuna lodin mota, ku biyu kun kama buhu kuna lilo da shi, wa ke ƙirga muku lokacin saki?

Mudathir: Ba kowa. Jiki ne ke ji.

Bawa: In ɗaya ya riga saki?

Mudathir: Buhu ya sauka a ƙafar mutum.

Bawa: Sau nawa aka yi haka bana?

Mudathir: Ko ɗaya.

Bawa: To kunnuwan na nan. Kai ka toshe su da takwas.

Mudathir: Shi ke nan. In ka zo Juma'a sai ka gyara sauran. Zan tarbe ka da babur a Magama.

Bawa: Kada ka ɓata manka.

Mudathir: Kamar yaya?

Bawa: Hannun dama ya bar jin magana tun bayan Sallah. Sandar kiɗa ma bai riƙewa.

Mudathir: Innalillahi! Kawu, ba wanda ya gaya mana!

Bawa: Ni na hana. Kai ma ban gaya maka ba, kunnenka ne ya ji.

Mudathir: An je asibiti?

Bawa: An je. Likita ya ce in riƙa matsa ƙwallon roba. Shekara hamsin ina matsa kalangu, yanzu ni da jikoki muke rabon ƙwallo.

Mudathir: Allah ya ba da lafiya. To Ummaru fa? Ya rantse ba zai ajiye gammonsa ba sai ka kaɗa masa.

Bawa: Waya ta kaɗa, ku ku faɗi maganar. Ya san hannuna ko daga ina. Sai dai taken na da wutsiya da ban taɓa kaɗa mishi ba, sai ranar aje gammo ake yin ta. Ba ta cikin wayarka. Da baki za ka yi ta.

Mudathir: Ni?

Bawa: Akwai wani a layin? Kasa kunne. Inda na numfasa ka ce "nan". Kiran-kan kan, kiran-kan dindin...

Mudathir: Nan!

Bawa: Yawu na haɗiye.

Mudathir: Yi haƙuri.

Bawa: Daga farko. Kiran-kan kan, kiran-kan dindin, kan dindin kaaan.

Mudathir: Nan.

Bawa: Madalla. Cewa ya yi, "Na Hassana, sauke, ƙasa ta gode." Sake ji. Kan-kan dindin, kiran-kan kaaan.

Mudathir: Nan.

Bawa: Ashe akwai mutum a gidan Salmatu. Saura na ƙarshe, shi ne mai wuyar. Kiran-kan, kiran-kan, din...

Mudathir: A'a, ba nan ba ne, Kawu, da saura. Ƙarasa mana. Kawu? Alo? Layin ne ya yanke? Kawu!