Kiɗan Farkon Fim Bayan Rasuwar Falmata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Mushe Abari, wato Malam Abari, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, a Gure.

Matata Falmata ba ta jin Faransanci, ni nake fassara mata fim. Bayan la'asar, in akwai kuran, wato wutar lantarki, mukan kalli fim ɗin masu binciken kisan kai a tele. Kafin kowa ya yi magana, sai a nuna titi ba kowa, sunayen 'yan wasa na fitowa a hankali cikin duhu, ga kiɗa mai nauyi kamar bugun zuciya. Da ta ji shi sai ta ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Malam, matso, yau ma wani ba zai koma gidansa ba." In kuwa an buɗe da haske da kiɗa mai zaƙi, ta ce, "Na soyayya ne, kalli abinka."

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Yanzu in kiɗan ya taso, sai in juya in ce mata an fara, in ga tabarma kawai. Da sunayen sun ƙare nake kashewa, don ba wanda zan fassara wa.

'Yata da ke aure a Kelle ta ce, "Baba, ka daina kunnawa, ciwo kake ƙara wa kanka." Ni kuwa a wannan ɗan lokacin kaɗai nake jin da mutum a gidan. Waɗanda suka rasa abokin zama, don Allah ku ba ni shawara: in bi maganarta?