Tagar 'Yan Inshora

A tashar Tambuwal, mutum biyu na jiran motar Kebbe ta cika, ɗaya da bandeji a hannu.

"Malam, mi ya samu hannunka?"

"Gilashin tagar 'yan inshorar lafiya na nausa. Duk wata a yanki albashina, in na zo karɓar maganin hawan jinin tsohuwata a ce babu. Mutanen nan sai da duka!"

"To, sun gyara?"

"Awo! Nan da nan suka sa tagar ƙarfe."

"Ashe kai ne! Allah shi yi maka albarka. Mai walda nike, ni aka ba aikin. Maganin fa?"

"Har yau babu. Sai dai yanzu da murmushi suke faɗa mini, tunda sun san hannuna ba ya shiga."