Shayi a Cikin Takalmi

Washegarin zubar da shayin Ingila a tekun Boston, tsohuwa Keziya tana jiran kwalekwale a bakin gaɓa, sai wani ƙato ya zauna gefenta, ya cire takalmi yana kakkaɓewa. Ganye ya zubo.

"Bawan Allah, shayi kake nomawa a ƙafa?"

"Ƙasa ce, Iya."

"Shekara hamsin ina shan ƙasar nan da madara. Baƙin tukunyar da kuka shafa jiya don ɓad da kama fa? Ga saura nan a bayan kunnenka."

Ya goge wurin da sauri. "Rage murya, Iya, maganar rataya ce. Don 'yancinku muka yi. Sarkin da bai san hanyar Boston ba ne zai ɗora mana haraji?"

"Ni na aike ku? Sarki ya sa haraji, ku kun shayar da kifi. Tun da kuka hana sayen shayi, wata uku ina tafasa ciyawa kamar mai ciwon ciki."

"Shan shayi yanzu cin amanar ƙasa ne."

"Ɗauko shi a takalmi fa? Abokanka suka ji, wankan kwalta za su yi maka, su liƙa maka gashin kaza."

Ya waiga hagu da dama.

Keziya ta shimfiɗa gyalenta. "Kakkaɓe a nan. Har ɗaya ƙafar."