Jan Wuta a Gefen Gyambona

Jama'ar Allah, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku ɗan yi haƙuri da ni, yau bakina zai yi tsawo.

Sunana Ayuba. Baduku ne ni, tun ina saurayi nake ɗinkin takalma da jakunkuna a rumfar Alhaji Sani cikin Kasuwar Kurmi. Wanda bai san aikinmu ba ya ɗauka da hannu kaɗai ake yi. Ina! Da ƙafa ake danne fata, babban yatsa ya riƙe ta gam, sannan hannu ya soka basilla. Baduku mara ƙafa ya tashi daga aiki.

Basillar ce ta soke ni a ƙafar dama. Ban ma ji ba, sai jini na gani, domin ciwon suga ya daɗe da kashe mini tafin ƙafa. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya fara wari.

Yayata Talatu ta ɗauke ni zuwa gidanta a bayan Ƙofar Kabuga, tun da ba ni da mata. Kun san ta, ita ke jan waƙa a zumuntar mata. Kwana kaɗan ta ce warina ya hana mutanen gida cin tuwo, ta mayar da tabarmata zaure, kusa da turken awaki. Masu zuwa dubiya daga ikilisiya suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa, gyale a hanci, su yi addu'a sama-sama su wuce. Na ga fuskokinku, ban manta ba.

Kullum da safe Yaya za ta tafasa ruwa da kanwa, ta tsoma tsumma ta danna mini a ƙafa.

"Faɗi abin da ka yi, Ayuba. Naman mai rai ba ya ruɓewa haka kawai."

"Yaya, ban yi komai ba."

"Ji shi! Ruwan zafi a ƙafa, ko wash bai ce ba. Wannan taurin zuciya har ina?"

Ni kuwa ba na jin zafin ne, ƙafar ta mutu. Ita ta ɗauka taurin kai ne, sai ta ƙara wuta. Washegari ta ƙara. Ran nan ina kallo da idona fatar gefen gyambon ta saɓule ta biyo tsumman, ta ce, "Yawwa, ga shi nan yana fita." Daga nan ta zaro gashin kaza daga kwalbar man zaitun da ta yi wa addu'a, ta shafe gefen ciwon zagaye, ta mayar da shi kwalba. Wallahi na yi kuka, ba don ƙafar ba. Uwa ɗaya ta haife mu.

Alhaji Sani ne ya zo duba ni, ya buɗe tsumman da hannunsa, ya yi salati. "Malam Ayuba, wannan ai kisa ne." Ya tare adaidaita sahu ya kai ni asibiti, Yaya ta biyo mu tana mita.

Likita ya duba, ya aza yatsa a ƙasan gwiwata. "In bai tsaya ba, daga nan za mu yanke." Yaya ta ce, "To, gara ka shiga Mulkin Sama da ƙafa ɗaya." A gabana ta faɗa, ko murya ba ta rage ba.

A kan bencin asibitin nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Babu ladabi a cikinta. Na ce, "Yesu, na gaji. In zunubi ne ke cin ƙafata, tona ni a gaban kowa. In ba shi ba ne, nuna musu abin da ke ci na. Nuna musu da ido, don ba za su yarda da bakina ba."

Ban rufe baki sosai ba wata nas ta kira sunana. Ta ce akwai wata na'ura da aka kawo musu gwaji, likita ya ce a haska ni. Abu ne kamar babbar waya. Ta ja labule, ta kashe fitila, ta kunna wani haske shuɗi-shuɗi a kan ƙafata. "Baba, duk inda ƙwayoyin cuta suka taru da yawa, ja zai nuna."

Jama'a, na gani! Tsakiyar gyambon, inda kowa ke ƙyama, kusan babu komai. Amma gefensa zagaye, ƙarƙashin fatar da ta ƙone, ja wur kamar garwashi, har ya gangara zuwa babban yatsa.

Nas ta juya wajen Yaya. "Mama, me ake sa masa a nan?"

Yaya ta gyara gyale. "Ruwan zafi, da man addu'a."

"Da me kike shafawa?"

"Gashin kaza mana."

"Sabo kullum?"

"Guda ɗaya ne tun farko. Ai keɓaɓɓe ne."

Nas ta ce ruwan zafin ya dafa naman mai lafiya, gashin kuma yana kwaso cuta daga ciwon, ya kwana cikin kwalba, da safe a shuka ta a sabon wuri. Na jira Yaya ta ce mini ko da sannu. Ta ɗauki jakarta ta ce za ta makara zumunta.

Ma'aikatan asibitin suka bi jan nan suna kankarewa, su haska, su sake kankarewa, suka ɗora ni a kan magani. Mako bayan mako jan yana ja da baya. Ƙafa ta tsira, halleluya! Amma babban yatsa ya riga ya tafi, sai da aka cire shi.

Kun ji abin da Yaya ta faɗa wa mata a nan? Wai jan da aka gani zunubina ne Ubangiji ya bayyana, addu'arta ce ta kore shi. Wasunku kun tafa mata. Fasto ya ce in yafe. Ina ƙoƙari, ban gama ba, ku sa ni a addu'a, don ba zan tsaya a gidan Allah in yi muku ƙarya ba.

Na koma Kurmi. Yanzu da ƙafar hagu nake koyon riƙe fata, ni da furfurata. Takalmin farko da na ɗinka ya karkace, Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya sa shi a ƙafarsa ya tafi gida da shi.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mai fushi. Ku dogara gare shi, yana ji. Amma ina roƙon ku, in ɗan'uwanku ya kwanta da ciwo, kada ku tambaye shi abin da ya yi. Ku kai shi asibiti, ku yi addu'ar a hanya.

Ga ni tsaye a gabanku, ba sanda. Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.