Matuƙiyar Kumbo Ta Raba Mini 'Ya'ya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Maman Sadiya ce daga Badarawa. Maigida lafiya lau, Sadiya ma haka. Ni ce jinina ya hau, kuma samarina biyu, Nura da Bashir, su ne sila.

Akwai wani fim mai dogon zango da suke kallo, na mutanen da suka tafi wata duniya a kumbo. Sai aka tsayar da shi, ba a faɗi ko matuƙiyar mutum ce ko na'ura ba. Nura ya ce mutum ce, tunda ta yi kuka. Bashir ya ce wa ya taɓa ganin ta ci abinci? Musu ya kai ga zagi. Shago ɗaya suke ɗinki, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Kayan bikin ƙanwarsu Sadiya na jibge, kowa ya ce ɗayan ya ɗinka.

Wannan wane irin wulaƙanci ne, ka fara labari ka watsar da mutane? Ni da girmana na koyi rubutu, amma ban taɓa barin wasiƙa a rabi ba.

Don Allah wanda ya san gaskiyar matar nan ya bugo kafin Juma'a, ranar kamu ke nan. Nura, Bashir, na san rediyon shago a kunne yake. Ku ɗauki almakashi.