Jakar Yaya da Shafin Biyan Kuɗi

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan kasuwa, wakilan kamfanin da ya haɗa mana na'urori, 'yan'uwana masu shaguna maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama, amma yau ban zo da yabo ba.

Da farko, a tuna alkawarin da aka yi mana. An ce za a haɗa kwamfutar shago da na'urar kati ta wani shafin biyan kuɗi da ke hannun kamfani: mai saye ya sa kati, shafin ya karɓa, ya sanar da kwamfuta. Muka yarda, muka saki jiki.

Na biyu, ga abin da ya faru a shagona na magani. Akwai matar da ta shekara goma sha ɗaya tana riƙe mini kantar sayar da magani. Kowa Yaya yake ce mata, har ni. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Bayan haɗin nan sai kwamfuta ta riƙa nuna magani ya fita ba a biya ba. Yaya ta rantse kati yana wucewa a idonta. Na kira kamfani sau huɗu, aka ce, "Alhaji, namu lafiya lau, binciki ma'aikatanka." A gaban masu saye na sa ta buɗe jakarta: carbi, tabarau, da katin asibitin mijinta. Ta ajiye mini makulli ta ce, "Ƙanena, Allah ya bayyana gaskiya."

Ku wakilan kamfani, bayan sati uku injiniyanku ya zo, har da dariyarsa, ya ce shafin ne ke karɓar kuɗi ya yi gum, kuma kun san matsalar tun kafin in kira. Kun sani, kuka yi shiru! Kun sani, kuka tura ni kan baiwar Allah! Na je gidanta na durƙusa. Ta yafe mini, amma ta ce ita da kantar nan har abada. Magana zarar bunu ce.

Na uku, ba rangwame nake nema ba. Ku rubuta, ku buga hatimi, cewa laifin shafinku ne, in manna a ƙofar da ta fita tana kuka. Ku kuma 'yan'uwa, duk wanda ya kori ma'aikaci bisa shaidar kwamfuta, ya nemi gidan ma'aikacin nan yau.

Allah ya tsare mu da zaluntar na ƙasa da mu, ya saka wa Yaya, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.