Hasken da Ya Ƙona Haɓar Ƙanwata

Shugabar wannan zama, likitar fata da ta baro majinyata ta zo, iyayenmu a sana'ar gyaran jiki, 'yan'uwana masu shaguna, da sauran jama'a, assalamu alaikum. Ina godiya da damar da kuka ba ni.

Maganata a kan na'urar hasken nan ce mai kashe gashi, wadda kowa ke rububin saye. Ni na fara kawo ta layinmu, har ina yi muku yanga. Abu uku zan ja hankalinku a kai.

Na farko, hasken nan baƙi yake bi. Likita ta fahimtar da ni cewa a jikin farar mace gashi yake kamawa, amma a jikin baƙa ko wankan tarwaɗa bai cika bambance gashi da fata ba.

Na biyu, ina muke gwaji? A cikin damtse, inda rana ba ta gani, inda ya fi fuska haske. Haka na yi wa ƙanwata, malamar makaranta, da gashin haɓa ya dame ta. Na gwada a damtse lafiya lau, na ɗora a haɓa. Ta ce da zafi, na ce ta cika raki. Washegari wurin ya yi bororo, da ya warke ya bar baƙin zane, layi-layi daidai bakin na'urar. Wata huɗu ke nan tana koyarwa da takunkumi a fuska, kuma har yau likita ba ta ce zai goge ba.

Na uku, mai shafa man ƙara hasken fata ba za ta faɗa miki ba sai kin tambaya, alhali fatarta ta riga ta yi rauni.

Ina roƙonku, ku gwada a inda za ku yi aikin, ku jira kwanaki, ku tambaya. In kun yi shakka, ku tura matar wajen likita.

Da na je ba ƙanwata haƙuri, cewa ta yi: "Yaya, ni na yafe. Amma wa kika yi wa a bayana kafin ki gane?"

Mata uku ne. Na samu biyu, lafiyarsu ƙalau. Ta ukun baƙa ce kamar ƙanwata, kuma lambarta ba ta shiga.

Allah ya tsare fuskokin da aka damƙa mana amana, ya ba ƙanwata lafiya, ya sa baiwar Allahn nan ta ɗaga waya. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.